Wandon Manzo da Tabarmar Zalika

A garin Tawa, shekara uku bayan samun mulkin kai, an yi wani saurayi mai suna Manzo, wanda bakinsa ya riga ƙafarsa zuwa ko'ina. Mutumin Bambeye ne, yana zaune a gidan yayarsa Kaltumi mai tuyar ƙosai. Aikinsa a tasha yake, yana ɗora kayan 'yan ci-rani a kan manyan motocin da ke gangarawa kudu. Shi kansa iyakar tafiyarsa Konni, ita ma sau ɗaya, kuma amai ya yi ta yi tun daga fita gari har dawowa. Wannan bai hana shi ba da labarin Abijan ba. Ya san gadarta, ya san tekunta, ya ci kifin da ya fi raƙumi tsawo. In wanda ya shekara biyar a can ya yi masa gyara, sai ya taɓe baki ya ce, "Ai kai unguwar talakawa ka zamna."

Duk da haka akwai mai sauraronsa. Zalika ce, 'yar Malam Yunusu dillalin raƙuma na unguwar Bilbis, yarinya mai shiru-shiru, gwanar saƙar tabarma. Ta san rabin zancen Manzo iska ne, amma lokacin bazara ne, iska ma abin so ce.

Wata ranar Asabar ta tsaya sayen ƙosai wurin Kaltumi, ta ce wa Manzo ƙasa-ƙasa, "Baba ya yarda ka zo gaisuwa ran Juma'a bayan la'asar. Sati ukku ina saƙa tabarmar da za a shimfiɗa maka. Fara ce sol, ban sa mata launi ko ɗaya ba."

Manzo ya ce, "Da kin gaya min da wuri, da na sa an aiko miki da kujera daga Abijan."

"Ka dai ji abin da nika gaya maka. Baba ba ya duban riga, gwiwa shika duba. Bara wani mushen lakkwal, malamin makarantar boko, ya zo neman yayata, ya miƙa mishi hannu daga tsaye. Ko ruwa ba a kawo mishi ba. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa har ƙasa. Ka sa wandonka na kullum, a wanke shi dai."

Ya ce to, amma zuciyarsa tana wani wuri. Cikin makon nan ya ga wani ɗan ci-rani ya diro daga mota sanye da wani wando shuɗi mai tauri, mai aljihu a baya da maɓallan ƙarfe, wai shi jins. Tasha duka ta juya tana kallo, har mai rake ya yanke yatsa. Tun daga ranar Manzo ya ƙudura cewa a cikin irin wannan wando zai shiga zauren Malam Yunusu, tsoho ya gane cewa ba da ɗan ƙauye yake magana ba.

Ran Lahadi, ranar kasuwa, ya kwance ɗan abin da ya ƙulle don riga da goron gaisuwa, ya nufi rumfar Dodo mai gwanjo. Jins biyu ya tarar. Ɗaya sabo ne, baƙi-baƙi, daidai ƙugunsa kamar an auna. Da ya ji kuɗinsa, sai ya mayar da shi a hankali kamar ƙwai.

Ya ce, "Ɗinkin wanga bai yi ba. An daina yayinshi."

Dodo ya ce, "Ɗinkin ne bai yi ba, ko aljihun?"

Na biyun ya koɗe a gwiwa da mazaunai, ga shi siriri. Kuɗinsa kuwa ya kusa cinye duk abin da ke hannun Manzo, har da na goron.

Dodo ya dubi wandon, ya dubi cinyoyin Manzo, cinyoyin mai ɗaukar buhu. Ya ce, "Tsakani da Allah, wanga na yaron wani Bature ne, ɗan shekara sha huɗu. Ba zai shige ka ba."

"Kai mi ka sani? A Abijan haka aka sa shi, sai jini ya tsaya."

"To, ai jininka ne. Amma kada ka taɓa koɗewar nan. Masu dawowa sun ce haka aka son shi, wasu har dutse suka goga mishi."

"Ka koya ma wani. Wa ka taɓa gani ya tahi gidan surukai da koɗaɗɗen tufa?"

Da ya kai gida, Kaltumi ta ɗaga wandon da yatsu biyu, ta juya shi gaba da baya.

Ta ce, "Ina zariyar?"

"Ba shi da zariya, Yaya."

"Ina hantsar?"

"Ba a yi mishi hantsa."

"To wanga ba wando ba ne, ƙanena. Kuben takobi ne guda biyu anka haɗe. Ina goron mutane?"

Ya nuna mata guda huɗu da ya samu da ragowar canji, sun yamutse kamar fuskar kakarsu. Ta koma kan kaskonta.

Washegari ya ɗauki wandon sai marina, wurin abokinsa Ciɗo. Ciɗo marini ne ɗan marini, mutum mai ƙarancin magana, hannuwansa shuɗaye har gwiwar hannu, ko da sabulun duniya aka wanke su. Shi ne kuma wanda zai raka Manzo gaisuwa, don saurayi ba ya zuwa zauren surukai shi kaɗai.

Ciɗo ya shafa yadin ya ce, "In tsoma shi sau biyu, ya isa."

"Sau bakwai."

"Tufa in ta sha marina, tsukewa takan yi. Wanga kuwa tun yanzu ba shi da wurin tsukewa."

"Sau bakwai na ce. Mutanen Abijan ba su da marina, shi ya sa suka yawo da koɗaɗɗe. Ni zan nuna musu hanya."

Suna cikin haka sai ga wani Buzu ya wuce a kan raƙumi, da rawani baƙi wuluk yana walƙiya a rana kamar bayan ƙwaro. Idon Manzo ya bi shi har ya sha kwana.

Ya ce, "Irin wancan ƙyallin nika so. In ya hito daga rami, a kai shi mabuga, a zuba mishi shuni, a buga shi har ya yi madubi."

Ciɗo ya ce, "Ka lura da goshin mutumen? Shuɗi ne. Shunin bugu zuba shikai, duk abin da ya taɓa ya shafe shi. Shi rawani a kai shike, kai kuwa ba a zama da shi."

"Hassada ce dai, don ba kai ka hwara tunanin ba."

"Ga kuma maɓallan ƙarhe. Sandar bugu ba ta san maɓalli ba."

"Ni na biya ko kai?"

Ciɗo ya tsoma sau bakwai, ya kai mabuga. Masu bugu biyu suka ɗora wandon a kan gungume, suka yi ta kirɓa masa sanduna suna dariya har sanda na suɓuce musu. Ran Alhamis da aka kawo shi, wando ya zama wani abu dabam. Yana ɗaukar ido, ya yi tauri kamar ƙirgi, ya rage tsawo da taƙi guda. Manzo ya tsayar da shi a tsakar gida, sai ya tsaya da kansa, ba kowa a ciki. Kajin Kaltumi suka watse. Wata tsohuwa maƙwabciya da ta shigo ɗiban wuta ta yi masa sallama.

Ran Juma'a da aka idar da la'asar, Manzo da Ciɗo suka shiga ɗaki, aka fara aiki. Ƙafa ta shiga, ƙwauri ya shiga da kyar, a gwiwa wando ya ce iyakarsa ke nan. Aka ja, aka murɗa, Manzo ya kwanta rigingine ya harba ƙafa sama. Ko motsi.

Ya ɗaga murya, "Yaya, a ba ni man shanu."

Kaltumi ta amsa daga waje, "Tuwo kaka ci?"

Ya shafe cinyoyinsa da man shanun da ta aje na kwana goma. Ciɗo ya kama bakin wandon da hannu biyu, ya ɗaga shi da Manzo a ciki, ya rinƙa jijjigawa yana dukan ƙasa da shi kamar mai ɗura gero a buhu. A jijjiga ta tara Manzo ya faɗa ciki gaba ɗaya. Maɓallan kuwa bugu ya baje su sun zama kamar kuɗin tamma, sai da aka tura su cikin kafarsu da gindin cokali. Ciɗo ya dube su ya ce, "Sun shiga. Hitarsu kuma sai wani ikon Allah."

Manzo ya tura goronsa huɗu cikin aljihun gaba, ya ja numfashi rabi, don rabin ne kawai ke da wuri. Ya ce, "Yaya ka gan ni?"

"Gwada durƙusawa mu gani."

"Ba a gwada abin da anka iya. Mu tahi, mun makara."

Suka kama hanyar Bilbis cikin zafin bazara. Gwiwar Manzo ba ta lanƙwasuwa, sai ya rinƙa jefa ƙafa ɗaya gefe, ya jefa ɗayar, wandon yana ƙara kamar ƙofar kara. Kafin su kai rumfar mahauta, man shanu ya narke, ya haɗu da gumi da shuni, yana gangarowa bisa dugadugansa. Ƙudan mahauta suka bar nama suka bi shi. Wani kare ma ya biyo baya yana sunsuna sawu.

Wani mahauci ya ce, "Manzo, kaciya anka sake maka?"

"Tahiyar Abijan ce, jahili."

"Allah sarki. Ashe can duk guragu ne."

Ya tsaya ya huta, ya jingina da bangon wani kanti da aka shafe da farar ƙasa a makon nan. Da ya tashi, ya bar wa bangon tambari biyu shuɗaye, kowanne da hoton aljihu. Mai kantin ya fito da tsintsiya, Ciɗo ya tsaya ba da haƙuri, Manzo ya yi gaba yana cewa kyauta ya yi wa bangon ado. Kafin su isa ƙofar Malam Yunusu, mutanen da ke biye da su sun isa a ɗaura aure.

Malam Yunusu yana zaune a bakin zaure da ƙannensa biyu da limamin unguwa, sun gaji da jira. A gabansu ga tabarmar Zalika a shimfiɗe, fara tas, saƙarta ƙanana kamar haƙoran jariri, ko ƙuda bai sauka a kanta ba. Daga cikin gida kuma, ta ɓular zana, akwai ido biyu da ke kallo.

Ciɗo ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a kan rairayi gefen tabarmar. Ya harɗe shuɗayen hannuwansa a ƙirji don kada su taɓa ta, ya sunkuyar da kai ya ce, "Barkanku da yamma, Baba."

Manzo ya tsaya ƙiƙam kamar turken doki. Takalmansa ma da yatsan ƙafa ya fizge su.

Malam Yunusu ya amsa wa Ciɗo gaisuwa a tsanake, ya tambayi iyayensa, ya tambayi marina. Sannan ya ɗaga kai a hankali, tun daga dugadugan Manzo har hularsa.

Ya ce, "Cikinku wane ne mai gaisuwar?"

"Ni ne, Baba."

"To ina jira."

Manzo ya lanƙwasa wuya. Ya lanƙwasa ƙugu kaɗan. Ya tura gwiwa gaba, wandon ya yi ƙara, ya mayar da ita. Don ya sami lokaci sai ya ce bari ya fara miƙa goro. Yatsu biyu kawai aljihun ya karɓa. Ya yi ta ƙwaƙula yana karkace baki, har guda ɗaya ya fito ya gangara gaban liman. Liman ya ɗauka, ya juya shi, ya miƙa wa mai gida.

Malam Yunusu ya ce, "Na san hwarin goro, na san ja. Shuɗi kuwa yau na hwara gani."

"Na Abijan ne, Baba. Sai manya."

Ciɗo, kansa na ƙasa, ya zaro wani ƙunshin ganye daga aljihun rigarsa, wanda ya saya da kuɗinsa tun da safe, ya riƙe shi ta bakin igiya ya tura gaban tsofaffin. Fararen goro ne manya. Ya ce, "Ga sauran, Baba. A hannuna ya ba ni ajiya."

Tsohon ya dubi goron, ya dubi Ciɗo. Ya koma kan Manzo. "Yaro, ni raƙuma nika sayarwa. Raƙumin da ya ƙi gurfana, ko kyauta ba ni karɓa tai. Ciwon gwiwa gare ka?"

Mutanen da suka biyo su suka matso. Manzo ya ga ido ya yi yawa, ya tuna mushen lakkwal. Ya ce a ransa, yau ko wando ko ni. Ya ware ƙafafu, ya riƙe numfashi, ya saki nauyinsa duka ƙasa lokaci guda.

Wandon ya riƙe na ɗan lokaci, don yadin Turawa ne. Sannan ya tsage tun daga ƙugu ta baya har tsakiyar cinya, da ƙarar da ta sa raƙumin da ke ɗaure a gefe ya miƙe tsaye. Manzo ya faɗi zaune daɓas a tsakiyar farar tabarma. Man shanu ya kwashe shi, ya sulale daga wannan baki zuwa wancan, sai da ƙafarsa ta daki butar liman. Ya yunƙura ya tashi, gwiwa ta ƙi, ya mirgina dama, ya mirgina hagu, ya dafa nan, ya dafa can. Duk inda ya taɓa sai ya bar shuni. Kafin ƙannen mai gida su kama shi su tsayar, tabarmar ta zama kamar an yanka ramin marina a kanta.

Ba wanda ya yi dariya da farko, saboda girman Malam Yunusu. Sai karen nan ya zagayo ta baya ya kai lasa. Daga nan kuma ba mai iya riƙe kowa. Liman ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa.

Manzo ya dafe bayansa da hula ya ce, "Dama haka aka yin shi, Baba. Wurin shan iska ne."

Malam Yunusu ya ce, "Ku shigar da shi zaure ku hidda shi daga cikin abin nan, kada ya mutu a ƙohwata a ce ni na kashe ɗan Abijan."

Maɓallai suka ƙi fita, kamar yadda Ciɗo ya faɗa. Ana cikin kokawa sai aka turo wuƙar yankan kaba daga cikin gida, tare da wani tsohon zane na aikin gida. Ba a haɗo da saƙo ba. Ciɗo ya tsarge wandon ƙafa da ƙafa, kamar mai feɗe akuya, Manzo ya fito da cinyoyi shuɗaye masu maiƙo. Ya ɗaura zanen mata ya koma gida ta bayan gari. Kaltumi ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Wanga dai ya shige ka. Ina man shanuna?"

Washegari Ciɗo ya mayar da zanen a wanke a ninke, ya roƙi izini a ba shi tabarmar ya gwada wankewa. Zalika ta fito da ita soro, idanunta sun nuna ba ta yi barcin kirki ba. Ya durƙusa ya goga da toka, ya goga da sabulu, har rana ta take.

Ta ce, "Shina hita?"

Ya girgiza kai. "Ba ya hita. Ni na rina, ki yi haƙuri."

"Sati ukku na yi a kanta."

"Na gani. Ban taɓa ganin saƙa irinta ba."

Ta tsura wa hannuwansa ido. Can ta ce, "Jiya na ga ka naɗe su a ƙirji."

"Tsoro na ji kada in ɓata miki."

Ta naɗe tabarmar a hankali, ta ce, "Ina da kaba da nika so a rina min, in sa a bakin wata sabuwa. In ka samu sarari ka zo ka karɓa."

Ya samu sarari. Ya zo karɓar kaba, ya zo kawo kaba, ya zo tambaya ko launin ya yi. Da kaka ta yi, aka ɗaura aure, kuma wannan karon babu wanda ya tambayi wane ne mai gaisuwar.

Manzo yana nan a tasha yana ɗora kaya, da wandonsa mai zariya. Duk wanda ya zauna kusa da shi zai ji cewa shi ya haɗa auren da gangan, don tausayin abokinsa, shi kuwa akwai 'yar wani babban mutum da ke jiransa a Abijan.

Ragowar wandon kuwa Malam Yunusu ya riƙe a madadin tabarmar 'yarsa. Ya sa aka ninke shi aka yi wa wani raƙuminsa shimfiɗa a ƙarƙashin sirdi, aljihun baya na leƙowa ta gefe. Ran kasuwa in ya kawo raƙumin, yakan taɓa masa gwiwa da sanda, dabba ta gurfana har ƙasa a gaban jama'a. Sai tsohon ya waiwaya wajen tasha ya ce, "A kira min Manzo, ya zo ya ga yadda aka gaisuwa cikin jins."